Ina Keziah Take Kwana?

Duk sammakon Koci Rhonda Tackett, sai ta tarar Keziah Mullins ta riga ta shiga ɗakin wasan ƙwallon kwando, gashinta a jiƙe, tana ta jefa ƙwallo ita kaɗai. Koci kan tsokane ta da cewa ko aljani ai yana runtsawa, yarinyar ta yi murmushi ta ci gaba da jifa. Rhonda ba ta taɓa tambayar yadda take shiga ba. Uwar yarinyar, Darlene, ita ce mai share makarantar, makulli kuwa ba ya wa mai shara wuya.

Shekara da shekaru Rhonda tana horar da 'yan matan makarantar gwamnati ta garin, kuma kullum labarin ɗaya ne. Ita doka ta ɗaure ta, sai yaran da gidajensu ke cikin yankin makarantar za ta sa a wasa. Makarantar kuɗi ta kan tudu kuwa babu ruwanta da iyaka. Duk inda doguwar yarinya ta ɓulla, ko daga wata jihar ce, sai ka gan ta sanye da rigarsu. Kowa ya samu rana ai sai ya yi shanya.

Bana ne kaɗai aka samu wadda ta tsone musu ido. Keziah ta ja ƙungiyar har wasan ƙarshe na jiha, inda za a kara da 'yan tudun, kuma wakilan jami'o'i za su zo kallo. Ga 'yar mai shara, wannan wasan ne kaɗai ƙofar karatu kyauta. Rhonda ta san haka, har barci ya fara yi mata wuya saboda murna.

Ana saura mako guda wani ya kai ƙara hukumar wasannin makarantu, wai yarinyar ba a yankin take zama ba. Ba a faɗi sunan mai ƙarar ba, ba kuma sai an faɗa ba. Hukuma ta tura mutum gidan da aka san su da shi, ya tarar da wasu 'yan haya daban, waɗanda suka ce tun kafin sanyi ya shigo suke ciki.

Rhonda ta tare Darlene a baranda tana goge-goge. Matar ta ƙura wa bokitinta ido ta ce suna nan kusa, wurin wasu mutane. Waɗanne mutane? Darlene ta ci gaba da goge-gogenta.

Rhonda ta koma kan Keziah, ta lallasa, ta yi faɗa, ta sake lallashi.

"'Yar nan, sunan titi kawai nake so. Ko a garejin wani kuke, in dai cikin yanki ne, magana ta ƙare."

"Koci, wallahi ban yi ƙarya ba."

"To faɗi mana, ina kike kwana?"

Keziah ta sunkuyar da kai tana murza ƙwallon da ke hannunta. A nan ne zuciyar Rhonda ta karaya, don ta ɗauka lallai sun ƙetare kogin garin sun koma wata gunduma.

Duk da haka ta je zaman hukumar ta faɗi abin da ke cinta. Ta tambaye su yadda za a yi a bi yarinya guda har gida, alhali rabin 'yan tudu a motar makaranta ake kwaso su daga garuruwan da ba sa ma shan ruwan famfo ɗaya da wannan garin. Shugaban zaman, wani dattijo mai sanyin murya, ya saurare ta tsaf.

"Malama Tackett, ina jin zafin da kike ji. Amma su dokarsu daban, ku taku daban. Kawo mana inda take zama, yanzun nan mu sallame ki."

Ba ta da abin kawowa. Aka dakatar da Keziah.

Ranar Asabar aka yi wasan, in ma za a kira shi wasa. 'Yan tudu suka yi musu cin kaca. Wakilan jami'o'i suka tashi tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Keziah na zaune a bayan benci cikin kayan gida, ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi komai ƙona ran Rhonda. Haushin hukuma take ji, haushin masu kuɗi take ji, har da na yarinyar da ta bari aka yanka ta ba ta buɗe baki ba.

Washegari Lahadi da safe Rhonda ta kawo ƙwallaye makaranta don ta ajiye. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, babu sawun kowa a harabar sai nata. Tana buɗe ƙofa ƙamshin soyayyen ƙwai ya bugi hancinta.

Ta bi ƙamshin har tsohon ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, ta tura ƙyauren. Darlene ce durƙushe gaban ƙaramin risho, kasko a hannu.

"Koci, ki rufa mana asiri. Tun da muka rasa gidan haya nan muke kwana. In shugaban makaranta ya ji, aikina ya tafi, 'yata kuma gwamnati ta raba ni da ita."

A bayanta, kan katifun motsa jiki guda biyu da aka shimfiɗa wa bargo, Keziah ce take barcinta, a cikin makarantar da aka ce ba ta zama a yankinta.