Koren Ƙyauren Karantina

"Halas, magana ta ƙare, babu kashi na biyu," in ji daraktan, ko kallonta bai yi ba.

Marubuciyar ta daki tebur har shayinsa ya zube. Shekara huɗu tana jira! Littafinta na matasa suka mayar fim, a gidan mahaifinta na unguwar Karantina aka ɗauka. Kashi na farko ya ƙare ne yarinyar labarin ta rufe koren ƙyauren gidan, da alkawarin za ta dawo ta buɗe.

"Ustaza, yarinyar da ta fito a fim ɗin ta girma, har ta haihu. Unguwar kuma an rushe ta. A ina za mu ɗauka?"

"Ragwanta ce kawai! Ƙyauren yana wurina. Da hannuna na ɓalle shi, katafila na cin gidan maƙwabta."

"To, in an buɗe shi, ina za a shiga?"

Ta fice ba sallama. Ta isa ɗakinta a unguwar Bani Malik tana huci, tana tsine masa. Ga ƙyauren nan jingine da bango. Ta fincike shi da ƙarfi, kamar za ta tarar da tsakar gida, uwarta na tankaɗe.

Bango ta gani, fari fat.