Tabaran Madam Doris

"Rahama, Madam na kiranki."

Ta nufi ofis tana jan ƙafa. Kun ga, 'ya'yana, duk ma'aikacin asibitin nan na Ƙaura Namoda ya san halin shugabarsu, Madam Doris. Kullum sai ta ce ta manta tabaranta a gida, ta miƙa maka takarda ka karanta mata da ƙarfi.

Ita ko Rahama, tun tana ƙarama a Zurmi haruffa ke yi mata rawa. Ta dube su, su sauya wuri. Gwaggonta ta ce aljani ne ke hura su. An yi hayaƙi, an sha rubutu, bai tafi ba. Da haddar launin kwalayen magani take riƙe da aikinta, da shi take ci da marayunta.

Madam ta miƙo takardar. "Karanta mini wagga."

Rahama ta duba. Aljanin ya iso, layukan suka fara iyo. Ta ji aikin na zame mata.

"Madam," ta ce, "ni ma na manta tabarana."

Madam ta tashi ta tura ƙofa.

"Tun yaushe kike mantawa?"

"Tun aji ɗaya. An ce aljani ne."

Madam ta zauna kusa da ita, ta kife takardar.

"Ɗiyata, ba aljani ba ne, ciwo ne, likitoci sun san shi. Ni ban taɓa mallakar tabarau ba. Naki haruffan su ma hagu suke gudu?"