Ɗumin da Ya Makara

Da ta zo kwasar kayan mijinta, ta tarar da makanike a makwancin da ke bayan kujerar tirelar da mijin ya saba tuƙawa, yana ɗaura na'urar ɗumama wuri.

Shekara uku marigayin yana roƙon a sa masa ita. Kamfani ya hana barin inji a kunne lokacin hutu, sanyi kuwa bai san doka ba. Rannan ya hura gawayi a kasko, ya rufe gilasai ruf, ya kwanta. Bai farka ba.

Makaniken ya kunna na'urar. Iska mai ɗumi ta busa kan filon mijinta.

"Malam, aikin kwana nawa ne?" ta tambaya.

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ko awa ɗaya bai kai ba."