Faɗuwar Gagarau ta Farko

Tana cikin naɗa masa bandeji a ɗakin atisaye Gagarau ya ce yana son aurenta. Ko kai bai ɗago ba.

Ba a taɓa doke shi a damben zamani ba. Ita kuwa 'yar kocinsa ce, ta san sirrin: abokin karawa mai sauƙi ake zaɓar masa.

"Yayana ya ce ka tura shi ya bugi cikina," ta ce. "Sai da ka tabbatar zan yarda ka buɗe baki?"

Ya yi murmushi. "Ba na shiga fili sai na san zan ci."

Ta ɗaure bandejin tamau, ta dube shi ido cikin ido.

"To, na ƙi."

Murmushin ya ɓace.

"Na sha ganin nasararka," ta ce. "Yadda kake tashi in ka faɗi nake son gani."

Ya daɗe yana kallonta. "A dambe dai, wanda ya faɗi sai an ƙirga masa goma."

Ta jawo ɗayan hannun nasa, ta fara naɗi ba gaggawa.

"Ɗaya," ta ce.