Babban Ɗakin Woolwich

Sabon kan jirgi bai taɓa burge Zaid ba. Ƙananan jiragen ƙasa masu kwal yake tarawa, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, gwanintarsa kuwa tsufar da su: baƙin garin fenti a bakin bututun hayaƙi, ja kamar tsatsa a ƙafafu, ɗan maiƙo inda hannun direba zai riƙa taɓawa. Ya san datti ba ya zama ko'ina, sai inda zai taru da kansa, kuma kaɗan ya fi kama da gaskiya.

Abin da ya rasa shi ne wurin shimfiɗa layin dogo. Flat ɗinsu a unguwar Woolwich ɗaki biyu ne, babban na mahaifinsa, Malam Yahuza, tsohon mai karanta labarai a rediyo. Idon dattijon ya tafi, sai inuwa yake gani, amma bai saki tsafta ba. Kullum farar jamfa, kullum turare. Zaid ke wanki da guga, dattijon kuma ya shirya kansa. Ba abin da yake tsoro kamar a kai shi gidan tsofaffi.

Wani ya yi wa council, hukumar unguwa, waya. Aka turo wata ma'aikaciya, Sharon, ta duba ko zai iya ci gaba da zama a gida.

Malam Yahuza ya tarbe ta a tsaye, da Turancinsa na rediyo, ya ce komai yana yi wa kansa. Ta dube shi daga hula zuwa ƙafa, ta yi rubutu.

A zuwa na biyu ta ja Zaid kicin. Ya ce mata wuni yake a wurin aiki, Baba kuma ba ya bari kowa ya taɓa masa kaya. Ya roƙe ta ta ƙara musu lokaci.

A zuwa na uku ta yi wa dattijon bayani a hankali, kamar mai lallashin yaro. Da ta fita, ya zauna a bakin gado, ya kira ɗansa.

"Zaidu, wai ba na kula da kaina. Ni? Zo ka dube ni da kyau. Akwai wani abu a jikina?"

"Ba komai, Baba. You look fine."

Ranar Talata motar gidan tsofaffi ta zo. Malam Yahuza ya shiga yana sa wa ɗansa albarka, domin shi kaɗai ya tsaya masa.

Kafin la'asar Zaid ya auna ɗakin. Ya ɗauko kan jirgin da ya saya tun bazara, yana ƙyalli a kwalinsa, ko buroshi bai taɓa shi ba. Ya buɗe kwalaben gari, ya yi tsaki. Wata uku yana tsufar da wuyan jamfa, bakin hannun riga da gaban hula, sun cinye masa baƙin da jan, saura ɗan na gindi.