Kwandalar Gado

Da ƙafa aka banko ƙofar shagon, rana tsaka, lokacin da layin masu sayar da tsoffin kaya ya yi tsit, kowa ya tafi neman abin sawa a baki. Dogo yana tsaye bayan kanta yana gyara hannun rigarsa, sai ga wani ƙato cikin rigar mahauta ya shigo, yana jan wani siririn mutum ta wuyan riga. Bakin siririn ya fashe, jini har haɓa.

Dogo ya ce musu an rufe, su dawo gobe. Bai gama rufe baki ba mahaucin ya damƙo ƙeyarsa ya haɗa fuskarsa da gilashin kantar. Gilashin ya tsage. Dogo ya ɗago yana tofar da jini, ya tarar an kafa wuƙa a katako, dab da yatsunsa.

Mahaucin ya kwance wani ƙyalle, ya ajiye kwandalar azurfa. Yana huci ya yi bayani. Gadon mahaifinsu ce, shi da wannan ƙanen nasa. Marigayin ya sha ba su labarin ranar da ya kawo ta wannan shago, aka duba aka ce tana matakin ƙoli, hannu bai cinye ta ba, kamar yau aka buga ta. Tun rasuwar tana ajiye wurin ƙanen. Jiya wani dillali ya kalle ta ya taɓe baki, ya ce ko an goge ta, ko an musanya.

"Baba ya ce duk garin nan idonka kaɗai ya yarda da shi," in ji mahaucin. "Duba ka faɗa min. Ita ce, ko munafukin nan ya ci amanata?"

Ƙanen ya shiga rantsuwa, wai ko kwance ƙyallen bai taɓa yi ba, dillalin so yake ya karya ta ya saya a banza. Ya ce, "Yaya, nono ɗaya fa muka sha." Amsar da ya samu gwiwa ce a ciki, ya zube ƙasa.

Dogo ya ja wannan aljihun tebur, ya ja wancan, kafin ya samo madubin dubawa. Ya laluba bayan fitila har ta kama. Ya ɗauki kwandalar da cikin yatsu, sai kuma ya yi sauri ya koma riƙe ta ta gefe. A ƙarƙashin madubin kan wani sarki ya cika masa ido: gashi tilli-tilli, haruffa kewaye da baki, da wani ƙyalli mai juyawa in an karkata ta. Zufa tana shiga masa inda goshinsa ya tsage.

Mahaucin ya ce bari ya zagayo ya gani da idonsa. Dogo ya ɗaga hannu da sauri, ya ce inuwarsa za ta tare haske, kuma azurfa ko numfashi ba ta so. Ya gyara tsayuwa, ya sauke nauyinsa kan ƙafa ɗaya. Wani nishi ya tashi a ɗakin. Mahaucin ya juya ya ƙara wa ƙanensa shuri, ya ce ya yi wa mutane shiru.

Lissafin ba shi da wuya. In Dogo ya ce lafiyarta ƙalau, zama za su yi: a nemi gafara, a yi kuka, a shiga ciniki, a ce ya buɗe akwatin ƙarfe. In ya ce an taɓa ta, yanzu za su fita. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ya ajiye madubin a hankali. "Gashin ya lafe. Ƙyallin asali ya tafi, ga sawun goga nan ko'ina. Wannan ba ita ce mahaifinku ya kawo ba."

Mahaucin ya zare wuƙar daga katako. Ya kai wa ƙanensa suka. Ƙanen ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, tsinin ya huda tafin ya ɓulla ta baya. Ya yi ƙara, ya fizge, ya faɗa titi yana tangaɗi, yayan na binsa. A kwanar layin ya cim masa. Dogo yana jin ihun mata, yana jin ƙafafu suna gudu can wajen, sannan ihun ya koma salati.

Kwandalar tana nan kan fasasshen gilashi, babu wanda ya waiwaye ta. Dogo ya jefa ta cikin buhun da ya riga ya cika da kayan shagon, bai san ko ta kai darajar gida ba ko ta murfin kwalba. Sannan ya ɗaga ƙafarsa daga maƙogwaron tsohon mai shagon, wanda ya ɗaure da waya ya tura ƙarƙashin kanta kafin su shigo, ya tarar tuni ya daina motsi.