Gashin Zabo da Jirgin Gado

Bari in kawo miki misali, Gwaggo, amma don Allah ki bari in kai aya kafin ki ce zancen 'yan boko ne.

Wata ƙungiyar mata ce ta shirya hutun ƙarshen mako a bakin wani tafki. Suka kafa rumfuna a ƙarƙashin giginya, suka ɗauko wata malama ta koya musu wani irin kamun kifi da ba a saba gani ba a wajenmu. Fatsa ce, amma ba a sa mata tana ko wani ƙoto. Gashin zabo ake ɗaurewa a jikin ƙugiya har ya yi kama da fara, a wurga shi ya sauka a kan ruwa a hankali, kifi ya zaci abinci ne ya faɗo masa daga sama. Cikin matan akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan asibiti, babu wadda ta taɓa riƙe sandar fatsa. Akwai kuma wata mai tuyar kifi, 'yar ƙauyen da ke bakin tafkin, ita da ƙafarta ta je ta ce a sa da ita. 'Yar masunta ce gaba da baya, har ta fara furfura a gaban kasko, amma ba a taɓa barinta ta kama kifi da hannunta ba. Da mahaifinsu ya rasu ya bar jirgi, sai yayanta ya ɗaure shi a gindin marke, ga shi kuwa yana da nasa. Ta roƙa ya ba ta, don ta daina jiran abin da maza suka rage su sayar mata, ya ce jirgi na mai kamun kifi ne. Da ya ji ta shiga cikin matan birni, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce a gaban jama'a, "Ke, kamo kifi da gashin zabo kafin baƙin nan su tafi, jirgin Baba naki ne. In kin kasa, kar in ƙara jin zancensa." Ta ce ta yarda. Dattawa suka shaida.

Ranar Asabar ta sha wuya. Hannu ne da ya saba da taɓarya, da ta ɗaga sandar sai ta maka ta kamar za ta kashe maciji. Zaren ya yi ƙara kamar bulala, gashin ya tsinke, ƙugiya ta kama gyalenta, ta kama kaba, sau ɗaya har ta tsinto ɗankwalin wata nas. Malamar ta riƙa cewa, "Iya, mai da sandar baya, ki dakata zaren ya miƙe, sannan ki tura." Wannan 'yar dakatawar ita ta fi komai yi mata nauyi. Sauran matan, da suka ji abin da ke ƙasa, suka bar nasu suka koma ɗaura mata gashi, wannan na warware zare, waccan na shafa mata man zafi a kafaɗa. Kafin rana ta faɗi, gashin ya fara sauka a kan ruwa kamar busasshen ganye. Kifi dai ko ɗaya.

Ranar Lahadi da la'asar, ana ta loda kaya a mota, masunta sun jeru a kan jiragensu suna jiran abin dariya, ta ɗaure zani tamau ta shiga ruwa har gwiwa. Ta wurga kusa da ciyawa. Sai ruwa ya dare, giwan ruwa ya cafke gashin, sandar ta lanƙwashe kamar baka. Maza suka ɗauki ihu, "Ja! Ja mana!" Jikinta ma abin da yake so ke nan. Amma bakin zaren siriri ne, bai fi gashin wutsiyar saniya ba, in ta ja da ƙarfi ya tsinke, jirgi ya tafi ke nan. Malamar ta ce mata a kunne, "Sake masa." Ta sake. Zaren ya fita a guje yana ƙona mata yatsu, kifi ya nufi tsakiyar tafki. Yayan ya miƙe tsaye yana cewa, "Ta tsorata! Ku shaida, ta sake shi!" Ba ta ko waiwaya ba. In kifin ya gaji ta janyo kaɗan tana takawa da baya, in ya zabura ta ƙara sake masa. Haka suka yi ta yi, ihun maza na raguwa, har kifin ya kife a gefe ɗaya a gaban ƙafafunta, tsawonsa ya fi hannunta. Ta rungumo shi kamar jariri. Guɗar da matan nan suka yi, sai da belbela suka tashi daga ƙetare.

Ta je ta ajiye kifin a gaban yayanta, gashin zabo na nan maƙale a gefen bakinsa. Ya dubi kifin, ya dubi dattawa, ya je da kansa ya kwance igiyar jirgin ya miƙa mata da filafilin tuƙi. Ta ɗebi matan da jirgin zai iya ɗauka ta tura. Ba ta iya tuƙi ba tukuna, jirgin sai juyi yake yi da su suna ihu suna dariya, ita kuwa tana zaune a wurin da ubanta yake zama, kai a ɗage.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.